Makullin Aji

Ga makullin, Eliana. Yana da taurin kai,
sai kin ɗaga ƙofar da gwiwa kafin ya juya.
Shekara talatin da takwas muna wannan kokawa
a nan tsibirin Chiloé,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.

Ranar da na sauka, takalmina na birni ne,
kaina cike da amsoshi.
Taɓo ya cinye takalmin cikin mako guda.
Amsoshin sun ɗan fi shi daɗewa.

Akwai Rubén Levicoy, kullum a makare.
Na tsayar da shi jikin bango,
na cika masa rajista da jan biro wata biyu cur.
Wata Asabar na bi kwalekwalen ubansa
zuwa ƙetare, na gani da idona:
in teku ta janye, sai laka har gwiwa,
sai a zauna a jira ta ga damar dawowa.
Ashe ba agogona yaron yake bi ba,
watan sama ne ke kaɗa masa ƙararrawa.
Tun ranar nake tambaya kafin in ɗaga murya.
Amma ban taɓa ba shi haƙuri ba,
bashin nan yana wuyana har gobe.

Ki hura murhu kafin ki taɓa alli.
Yatsan da ya daskare ba ya riƙe fensir.
Ki binne dankali a toka tun da sassafe,
kada ki tambayi wa ya karya, wa bai karya ba.
Ki raba kawai,
ki yi kamar ke ce kika gasa da yawa.

Ximena Nahuelquín ta shekara ba ta ce uffan ba.
Na ce rijiya ce babu ruwa, na janye gugana.
Sai ga kakarta da wasiƙa daga Punta Arenas,
tana neman mai karanta mata.
Kafin in miƙa hannu, yarinyar ta karɓa,
tun daga gaisuwa har sa hannu, ba gargada.
Iri yana aikinsa a cikin ƙasa,
ba ya aiko wa manomi labari.

Shi kuwa Eliseo Barría, lissafi ya gagare shi,
ni ma ya gagare ni.
Har na taɓa cewa, a gaban kowa,
kansa ya fi bencin da yake kai tauri.
Bara da mijina ya rasu,
shi ya zo da ma'auni, ya ƙera akwatin,
ko faɗin farce bai kuskure ba.
Na miƙa kuɗi, ya mayar da hannunsa baya.
Ya ce, "Malama, rabi da rabi ɗaya ne,
wannan kam na riƙe."
Ban iya amsa masa ba.

Huɗu teku ta ɗauka ba ta mayar ba.
Sunayensu sun bar rajista tuntuni,
amma in ina kiran suna da safe
bakina yakan ɗan tsaya a gurbinsu,
yara su ɗauka numfashi nake yi.

Duk abin da na rubuta a allon nan
ni na goge shi da hannuna kafin yamma.
Da fari abin yana yi mini ciwo.
Yanzu nakan haɗu da rubutuna a bakin gaɓa,
a jikin wani jirgi, da shuɗin fenti,
harafi ya karkata hagu, irin karkatar nawa.

To, jirgin ƙarfe huɗu ya yi kuka.
Rufin yana yoyo saitin benci na uku,
bokitin yana bayan ƙofa.
Akwai wani ƙarami mai zama kusa da taga,
ba ya kallon allo, tsuntsaye yake ƙirgawa.
Ban gane shi ba tukuna.
Na bar miki shi.