Rigar Motar Ɗantani

Da kaza ya fara bayani.
"Ƙwai tara ta yi a kujerar direba," in ji Ɗantani,
"ga damina ta biyu a bakin ƙofa."
Na leƙo daga rumfata a Magazin
na ga abin da ya turo.
Mota ce, in za a yi mata adalci,
ja, gajeruwa, kamar kwalekwalen da aka ba ƙafafu,
ba rufi, ba ƙofa,
ta wangale baki sama tana jiran ruwa.

Shekara goma sha ɗaya yana haɗa ta.
Akwati uku suka sauka a Tema,
sauran ya tsinto nan Suwame, layi bayan layi,
fitila daga wannan gawa, birki daga waccan.
Maƙwabta a Aboabo sun yi dariya har sun gaji,
sun koma tambayar ranar hawa.

Ya miƙo mini takardar awo daga Ingila,
an zana komai, har gurbin maɓalli.
Na shimfiɗa, na yanka tamfol na sidi ɗari huɗu
ban ko taɓa jikin motar ba.
Ashe Bature a dama ya bar wa sitiyari aljihu,
Ɗantani kuwa tun bara waccan ya mayar da nasa hagu.
Akwasi, yaron shagona, ya juya mana baya,
kafaɗunsa kaɗai ke rawa.

Shekara talatin ina kan keke,
takarda ta kayar da ni da rana tsaka.
Na aika Kejetiya a sayo wani.
Wannan karon buhun siminti na farke,
na lulluɓa mata, na bi ta da alli taƙi-taƙi.
Gefen hagu ya ɗara na dama da yatsa biyu.
Abin da hannu ya haɗa,
hannu ne zai san inda ya karkace.
Maɓalli ashirin da shida,
kowane rami na huda shi ina riƙe da numfashi,
don fenti ba ya yafewa.

"Saura zik," na ce.
"A tsakiya ake sa shi,
in kai kaɗai ne, ka buɗe naka gefen,
ɗayan ka bar shi a rufe."
Ya daɗe yana goge madubin da ba shi da datti.
Lantana ce ta zaɓi jan fentin.
Ita ta ɗinka matashin kujerar nan da zaren kaba,
ta rasu saura wata biyar injin ya tashi.
"Sa shi," ya ce.
"Mai kauri, wanda ba ya cijewa."

Ranar Alhamis bayan la'asar hadari ya haɗo.
Muka ɗaure mata rigar, muka fake,
mu uku da wata mai sayar da koko.
Ruwa ya doki tamfol kamar ana bin sa bashi,
ya taru, ya yi shawara,
ya gangare ta baya yana gunaguni.
Na zura hannu ƙarƙashi:
matashin Lantana a bushe, har da ɗumi,
kamar yanzu aka tashi daga kansa.

Ya zuge nasa rabin ya shige,
kai da kafaɗa kawai a waje,
tamkar mai zazzaɓi cikin bargo.
Ya murɗa makulli. Shiru.
Akwasi ya tura, taɓo har gwiwa,
sai ta yi tari, ta kama.
Ba ta yi taku ashirin ba ta tsaya.
Na ji maɓallai suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya.
"Kai, mai dariya, shigo!
In ta mutu a Kurofurom, wa zai tura ni?
Ɗaga matashin, riƙe shi a cinya."

Tamfol ɗin farko, mai aljihu a dama,
na naɗe shi na aika Aboabo.
A ba kazar.
Ita ba ruwanta da gefen da sitiyari yake.