Bayan Dutse

Shekara talatin ina raba wasiƙu a Kobarid,
ina tsallake kogin Soca ta kan gada,
na ɗauka na san shi.
Ashe sanin gada ba sanin ruwa ba ne.

Yau ga ni cikin jan kayak,
matsattse kamar takalmin aro,
gwiwoyina sun tokare bango biyu.
Darinka, wadda na sani tun tana rarrafe,
ita ce malamata.

"Kada ka kalli dutsen," in ji ta.
"Inda ido ya je, can jirgi zai bi."
Na kalli dutsen.

Sanyi ya riga tsoro isa haƙorana.
Duniya ta koma koriya, kaina a ƙasa,
tsakuwa tana gudu a samana.
Na fito ina tari,
filafili ya yi gaba abinsa.

Sau huɗu.

A na biyar ta daina magana,
ta dafa ƙugunta kawai.
Na saki kafaɗa.
Na karkata, na nuna wa ruwa cikin jirgin
kamar kare mai neman sulhu,
sai ya ɗauke ni, ya juya ni a hankali,
ya ajiye ni bayan dutsen nan dai,
inda kogi ke komawa baya ya huta.

Wani ganye yana zagaye kusa da hannuna.
Hannun yana rawa.
A can sama wani ya bi gada da jaka a kafaɗa,
bai ko leƙo ba.