Takardar da Ban Rubuta Ba

Ballarat, watan Yuli, sanyi na cizon yatsa.
Ni kaɗai a ofis, saman shagon mai gyaran agogo,
fayil ɗin Dragan Velkovski buɗe a gabana:
dala dubu goma sha tara da ɗari huɗu.
Wata bakwai ke nan bai ce uffan ba.

Na tuna ranar da ya hawo benen nan,
farin siminti a gashin girarsa,
tafin hannunsa kamar ɓawon itace.
Ɗan kwangila ya cinye masa ladan gida uku,
tayil ɗin da ya shimfiɗa bisa gwiwoyinsa.
Ya ce da ni, "Nawa zan biya?"
Na ce, "Kada ka damu, za mu daidaita."
Na zuba masa shayi.
A zatona alheri na yi.

Za mu daidaita.
Magana mai laushin auduga,
ashe da ƙaya a cikinta.

Shari'a ta miƙe ƙafa kamar yadda ta saba.
Dubu huɗun da na ƙiyasta a zuci
ta haihu, ta yi jikoki.
Kowane minti shida ina ɗiga shi a littafi:
kiran waya, wasiƙa, zaman jiran alƙali a baranda.
Ban taɓa ɗaga kai na ce,
"Dragan, ruwan fa ya kawo wuya" ba.

Muka yi nasara, rabin haƙƙinsa ya dawo.
Ya rungume ni a ƙofar kotu har tabarauna ya karkace.
Bayan mako biyu lissafina ya isa gidansa,
daga ranar wayarsa ta koyi shiru.

Wasiƙar farko na aika da ladabi,
ta biyu da haƙora.
Ina cikin wasa ta uku
sai Noelene, akawuna, ta tsaya a bakin ƙofa,
rigar sanyi a kafaɗa, makulli a hannu:
"Mista Pascoe, ina takardar ƙiyasi,
wadda ake ba mutum tun kafin a soma?"
Na juya fayil, na zazzage shi a tebur.
Rasit, hotuna, tsohon tikitin jirgin ƙasa.
Babu.

Shekara talatin ina ce wa mutane
abin da ba a rubuta ba iska ce ta faɗa.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ƙofar ƙara ta rufe mini
sai an tantance abin da na cancanta.
Wata mata a Melbourne, mai jan alƙalami,
ta bi layukana ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ba ta ce na yi ƙarya ba.
Ta ce mutumin bai san ramin da yake shiga ba,
ni kuwa fitila na hannuna.
Dubu goma sha ɗaya ta bari.

Ya zo da kansa wata Talata, ana yayyafi.
Bai zauna ba.
Ya ajiye ambulan, kashin farko,
sannan ya zaro wata takarda daga aljihu.
"Matakalarka ta tsage, tayil tara.
Wani zai karye a nan."
Na duba: kuɗin tayil, buhun siminti biyu,
yini ɗaya da rabi, jimilla a ƙasa,
da wani layi cikin rubutunsa mai gargada:
In zai wuce haka, zan tsaya in faɗa maka tukuna.

Na nemi abin cewa, na rasa.
Agoguna na ta bugawa a ƙarƙashinmu,
kowanne da nasa lokacin.
Ya miƙo mini biro.
"Sa hannu," in ji shi. "Ba na taɓa guduma sai an sa."