Kunne Kafin Kile

Asubahin ranar kasuwar Badagishiri
na ɗora buhu shida na albasa a bayan tsohuwar Pijo,
na yi bisimilla, na murɗa makulli.
Ta yi tari, ta yi tari, ta haɗiye.
Na sake. Ta yi gur-gur kamar mai kurkure baki,
ta bar ni da kiran salla daga masallacin Bilbis.

Aliyo mai shayi ya taso da buta a hannu:
batir ne, ku zo mu tura.
Tanti Zali ta leƙo ta kan katanga,
ta ce jiya wani ya daɗe yana kallon motar nan,
baki ne, a kawo garwashi a yi turare.
Kowa likita ne in ciwon ba a jikinsa yake ba.

Ni kuwa Assumana nake ji, ubana,
shekara talatin da ɗaya a garajin bakin tashar Tawa,
mutumin da ko ranar Idi farcensa baƙi ne:
"Kunne kafin kile, Hamidin.
In ta yi shiru ɗif, tambayi batir.
In ta ce ƙas, ƙas, demarar ne ya gaji.
In tana juyawa ta ƙi kamawa,
cikin uku an hana ta ɗaya:
mai, ko wuta, ko numfashi."

Na kunna fitila, ta haske ƙofar Tanti tar.
Na danna oda, zakaran Aliyo ya fāɗo daga kan rumfa.
Batir ya fita daga zargi.

Sai mai.
Na kwalba ne, na gefen hanyar Ƙwanni,
wanda yaron ya rantse mini bai san ruwa ba.
Na zare tiyo, na tsiyaya a tafin hannu,
na hura, ya tashi, bai bar ko danshi ba.
Yaro, ka yafe mini, na zage ka a zuci.

Na kira ɗiyata Ramatu daga wurin wanke-wanke,
hannunta duk kumfa, na zaunar da ita a kujerar direba.
Na kwance buji ɗaya, na kwantar da shi jikin inji.
Murɗa, na ce.
Baba ya ce wutar kirki shuɗiya ce, kamar rinin baba.
Ba shuɗi. Ba ja. Ba komai.
Murɗa kuma.
Duhu.

Na bi waya da yatsa, kamar mai bin sawun akuya a yashi,
daga buji zuwa delko,
daga delko zuwa bobin,
sai hannuna ya taɓa laushi inda bai kamata ba:
tsumma, audugar katifa,
ɓawon gyaɗa cike da tafi,
da wani yanki na ɗankwalin da Tanti ke cigiya tun watan azumi.
Ɓera ya yi aure a cikin motata.
Wayar bobin ya gaigaye ta, saura gashi biyu na tagulla.

Kwana tara kawai na ajiye ta, da zazzaɓi ya kwantar da ni.

Na feƙe bakin wayar da haƙori,
na murɗe, na ɗaure da robar tsohon shambur.
Ramatu, murɗa.
Ta yi tari ɗaya, ta girgiza kamar jakin da ya tashi daga birgima,
hayaƙi ya turnuƙe teburin shayi.

Aliyo ya ce ai dama ya faɗa, harkar wuta ce.
Tanti ta karɓi yankin ɗankwalinta ba ta ce uffan ba.
Rana ta riga ta hau kan bedi,
manyan dillalai sun gama sayen albasar wasu.
Na sa ta hanya duk da haka,
rediyo a kashe,
ina saurare.