Hodar Tsohon Ruwa

Daren Talata na kama su.
An ɗauke wuta a duk layinmu na Agege,
janareton Baba Oyewole na tari a bayan katanga.
Na haska tocila cikin akurki,
na ɗaga tsako guda, mai ɗigon baƙi a ka,
na hura gashin ƙarƙashin fiffikensa:
ga su nan, jajaye, kamar an barbaɗa garin barkono,
suna tafiyarsu a natse,
su ne masu gida, ni ce 'yar haya.

Tsaki arba'in da bakwai na sayo
da kwasar adashen wata biyar.
Uku sun riga sun tafi.
Na zargi sanyi, na zagi mai sayarwa,
ashe ɓarawon a tsagin katako yake yini,
sai dare ya fito shan jini.

A Malumfashi, da Inna ce,
murhu za ta nufa ta ɗebo toka, shi ke nan.
Ni da gas nake girki a ɗaki ɗaya.
Gas ba ya barin komai,
ko abin da za a ce an yi wuta a nan.

Iya Morenike mai shagon abincin kaji
ta auna min rabin kilo a leda,
fara sol, ta fi garin tuwo laushi.
Ta riƙe hannuna kafin ta ba ni canji:
Wannan ta dabbobi ce, kar ki yarda da ta tace ruwa.
Rufe hancinki. Kwashe yaran waje tukuna.
Huhun tsako bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Sahura, 'yata, ta karanta bayan ledar
tana cin gurasa a tsaye.
Wai kwanson wasu halittu ne na cikin ruwa,
waɗanda ido ba ya gani,
sun mutu tun ba a san za a yi Legas ba,
ruwan ya ƙafe, suka kwanta suka zama dutse,
aka haƙo, aka niƙa.
Wai ba guba ba ce, kaifi ne:
ta karce ƙwaro, ta tsotse shi, ya bushe.
Na ce to, matattu ma ba a bar su sun huta ba.

Na ɗaura ɗankwali a baki.
Tsakin na kwali a ƙofar ɗaki suna ta tsiu-tsiu.
Na share tsohon buntu na ƙone,
na bi tsagi tsagi da tsohon buroshin haƙori,
kusurwa, ƙasan kwano, bakin ƙusa.
Kaɗan kaɗan, kamar gishirin mai hawan jini.
Na jira ƙura ta kwanta
har jirgin ƙasan yamma ya wuce ya girgiza kwanon rufi.

Sai Legas ta yi halinta.
Ruwa kwana biyu, kwata ta cika ta shigo gaisuwa,
hodata ta zama kunu.
Abin da ruwa ya haifa, ruwa ne ke kashe masa kaifi.
Na zauna a kan bokiti na yi dariya,
don kukan ba zai busar da komai ba.

Na ɗaga akurkin a kan bulo huɗu.
Na toshe yoyon da ledar siminti.
Na sake.

Yau sati uku. Arba'in da uku.
Ɗaya ya ƙara tafiya, ban san dalili ba,
ba zan ɗora wa kowa ba wannan karon.
Sun fara fiffike sosai,
na zuba musu yashi a tsohuwar tasa
da ɗan cokali na farar a ciki.
Mai ɗigon baƙi ne ya fara shiga,
ya tona, ya kwanta a gefe guda, ya miƙe ƙafa,
yana birgima irin ta kajin Inna,
shi da injin ya ƙyanƙyashe,
shi da bai taɓa ganin uwa ba.