Fiffiken Gauraka

Dehou yana can sama, ni ina nan ƙasa.
Shekara talatin da ɗaya muna masaƙa guda.
A bakin aiki ba fuskarsa na sani ba, sai ƙafarsa,
da tarinsa, da kukan katako in ya gyara zama.
Shi ke jan igiya, zare ya buɗe baki,
ni in cusa ƙoshiya, in danne, in jira.
Daga hantsi har a kunna fitilun Nanjing
faɗin yatsa uku muke samu.
Ran da ya kai huɗu, to mun yi gaggawa.

Saƙar gajimare sunanta.
Siliki ne, da zinarin da ya sha dukan guduma
har ya koma ɓawon tafarnuwa,
da gashin ɗawisu da aka murza da haƙuri.
A kife ake saƙa ta. Ƙulli da gutsuren zare nake kallo,
kyan yana fuskantar ƙasa.

Wata bakwai muka yi kan gauraka tara
suna ratsa gajimare mai launin tsakiyar kankana.
Sai ga Wenting, 'yar ƙanena, da almakashi da ma'auni,
ta ce, Inna, masu sayen bango guda sun ƙare,
amma kowa na da waya, kuma waya na son riga.
Na ce, gaurakar fa?
Ta ce, ɗaya za ta ba mu riga shida.

Ban tsaya na gani ba.
Na fita na sayi agwagwa mai gishiri, na kasa ci.
Dehou ya cinye rabona, ya goge baki,
ya ce, da kuɗin kan tsuntsun nan za a gyara rufi,
ke dai ba a kanki yake yoyo ba.

Haka aka raba su. Wani ya tafi da wuya,
wata ta sami ƙafa biyu da guntun sama,
kowanne a akwatinsa, kan farashin albashina na wata.

Ran nan a jirgin ƙasa, layi na uku, ana matsatsi,
wani saurayi ya tsaya a kaina, jaka a kafaɗa.
A hannunsa fiffike.
Na san shi kafin in san na san shi.
Gashi na huɗu daga gefe, zare biyu kore
a inda shuɗi ya kamata.
Ranar ce aka bugo daga asibiti kan matar Dehou,
bai sauko ba, bai ce komai ba,
sai igiyar ta yi rawa, ni kuma na ɗauki kore.
Da na gani washegari, na bar shi.

Zinarin gefen ya dushe inda babban yatsansa ke kwana.
Akwai ɗigon miya kusa da gajimare.
Raina ya tashi. Na buɗe baki zan ce, yaro,
ka san abin da kake murzawa?
Rigunan da kakata ta saƙa suna bayan gilashi,
ko numfashi ba a bari ya taɓa su.

Sai wayar ta yi ƙara.
Ya ɗaga fiffiken, ya manna shi da kunne,
ya ce, Mama, saura tasha biyu, kar ki fito, ana ruwa.
Koren zaren nan yana leƙowa tsakanin yatsunsa.

Na wuce tashata ban sani ba.

Da safe na gaya wa ƙafafun Dehou.
Shiru, har na zaci bai ji ba.
Can ya ce, koren yana nan?
Na ce yana nan.
Ya yi tari, katako ya yi kuka,
zare ya buɗe baki.