Mabuɗi Ɗaya, Ƙofa Goma Sha Ɗaya

Motar kamfanin kuza ta sauke su ran Talata,
kwamfuta goma sha ɗaya, duk sun sha jiki,
a ƙofar makarantar da ke can saman Potosi,
inda numfashi ma sai ka roƙi dutse.
Huɗu ba linzami. Dukansu wayam,
an wanke musu ƙwaƙwalwa kamar tukunyar aro.

A kwali, faifai ɗaya.
A bayan faifan, harafi da lamba ashirin da biyar.

Shugabar makaranta, Teodosia Yujra,
ta ce, Fermin, zuba musu duka.
Na ce, mabuɗin na guda ne.
Ta ce, in ka ɗiba faifan zai ragu?
Na ce, a'a.
Ta ce, da kyandir ɗaya kakata ke kunna na unguwa,
ban taɓa jin wuta ta kai ƙara ba.

Na rasa ta cewa. Na buɗe yarjejeniyar,
wadda shekara goma sha huɗu nake danna mata "na yarda"
ban taɓa kai layi na uku ba.
Na karanta a tsaye, hannuwa a hammata don sanyi:
ba sayar maka aka yi ba, izini aka ba ka.
Na'ura guda, izini guda.
Wanda ya zo manne da na'ura, in ta mutu
tare ake binne su.

Ta ce, wato haya muke biya a gidan da muka saya.
Na ce, kusan haka.

Akwai hanya, ba na musu.
Can ƙasa a kasuwa wani mai rumfa,
boliviano ashirin, sai ya miƙo maka mabuɗin kowace ƙofa.
Na sha saya.
Na kuma sha dawowa bayan wata shida
in tarar allo ya yi baƙi, da ɗan rubutu a kusurwa
yana kiran 'yan shekara tara ɓarayi, cikin ladabi.
Araha ba ta ado.

Nayra ce, 'yar mai shara,
ta kifa ɗaya za ta goge mata laka,
ta ce, ai wannan ma da lambarta a gindi.
Muka kwantar da su duka kamar tumaki ranar aski.
Bakwai na ɗauke da takardar haihuwa,
kowace da mabuɗinta, ta zo da abinta
ba wanda ya tambaye ta.

Ta shida ta koɗe.
Nayra ta ari tabaran Teodosia, ta kanga a fitila.
B ne, ko takwas?
Muka gwada B, ta ƙi.
Muka gwada takwas, ta yi shiru,
ta yi shiru har shayina ya huce,
sannan ta karɓa.

Bakwai, da na kwali takwas. Saura uku.

Don ukun na kwana ina sauko da wata manhaja,
intanet na tafiyar hawainiya.
Ita sharaɗinta cewa ya yi:
ɗauka, kwafa, gyara, ba maƙwabci,
sai dai kar ka kulle ƙofar da ka tarar a buɗe.
Teodosia ta ce, wannan ta san kakata.
Na ce, amma ba ta san firintarmu ba.
Kwana biyu na yi ina sulhunta su.

Ran Litinin yara talatin da huɗu suka shigo
da hula har kunne.
Ba wanda ya tambayi wacce ce mai izinin wa.
Rigimar duk a kan ta bakin taga aka yi,
inda rana ke faɗowa kan madannai
yatsu su saki.

Na rubuta lambobin takwas a littafi,
na ja wa takwas ɗin nan layi biyu a ƙasa.
Teodosia ta sa shi a aljihun tebur
tare da takardun filin makaranta,
ta kulle,
ta bar mabuɗin a jiki.